Gida A Dubai Ko Landan: Ƙofofi Huɗu Da Haraji Ke Jiran Baƙo

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan makon ga waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba. Na san mutanenmu na Faru da Maradun da Bakura, wani lokacin sai an nemi tudu kafin saƙo ya shiga waya. To ku ne na fi yi wa wannan rubutun.

Yau maganar gida za mu yi, amma ba gidan Gusau ko Sakkwato ba. Gidan ƙasar waje, irin wanda ake saya don a zuba 'yan haya ko a sayar gaba. Na san wani zai ce, "Malam, mu da muke neman na masara, ina mu ina gida a Dubai?" Ka yi haƙuri ka ji. Da yawanku ku ne masu riƙe wa iyaye da iyayen gida waya, ku ne ake miƙo wa takarda a ce "karanta mini wannan." Ranar da za a miƙo maka, ina so a same ka da abin faɗa.

Abin da ya ja ni ga maganar shi ne wani abokina. Tare muka yi firamare a Faru, ba zan kama suna ba. Ya fara da awon shinkafa a wajen manoman Bakolori yana kaiwa kasuwar Mafara ranar Talata, daga baya ya shiga harkar zinari, har ƙafarsa ta saba da Dubai. Mahaifinsa kuwa mai shanu ne. Da satar shanu ta yi yawa, aka kora masa wasu, sai tsohon ya sayar da sauran, ya kwashi iyali ya koma Sakkwato. Kuɗin shanun nan ya damƙa wa abokin nawa ya ce a sa su inda ɓarawo ba zai kai ba.

Wata rana da daddare sai ga saƙon murya: "Aboki, duba wanga abu ka gaya mini mi ka gani." Talla ce ta Instagram. Dogon bene, ga tafkin wanka a sama, ga wani matashi da kwat yana cewa ka mallaki gida a Dubai, biya kaɗan-kaɗan duk wata, babu haraji ko sisi. Ya haɗo da wata tallar ta ɗaki a Manchesta, a Ingila, an rubuta ribar haya kashi 8 cikin ɗari a shekara.

Ni ban ga laifinsa ba wallahi. Mutumin da ya ga ƙauyuka ana sa musu kuɗi kafin a bar su su yi noma, a sake sa musu kafin su girbe, in ya ji an ce ga ƙasar da babu haraji, dole kunnensa ya tashi. Ga kuma naira. A watan Yunin 2023 da aka saki canji, dala tana wajen 460 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya ajiye kuɗinsa a naira ya ga yadda suka narke kamar man shanu a rana. Saboda haka tunanin kai dukiya waje ba hauka ba ne.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kuɗin da ke jikin talla kuɗin bulo da siminti ne kawai. Gida a ƙasar waje yana da ƙofofi huɗu, kuma kowace ƙofa akwai mai karɓar haraji a zaune: ranar da ka saya, shekarun da kake riƙe da shi, ranar da ka sayar, da ranar da ka mutu. Dillali yakan yi maganar ta farko in ka matsa masa. Ta huɗun kuwa, ban taɓa ganin ta a talla ba.

ƘOFA TA FARKO: RANAR SAYE

Mu fara da Dubai tunda can zukata suka fi karkata. Tun shekarar 2002 aka ba baƙi damar mallakar gida mallaka ta dindindin a wasu keɓaɓɓun unguwanni. Gaskiya ne mutum ba ya biyan harajin kuɗin shiga a kan hayar gidansa a can. Amma ranar rajista, hukumar filaye ta Dubai tana karɓar kashi 4 cikin ɗari na kuɗin gidan. A takarda an ce mai saye da mai sayarwa su raba, a kasuwa kuwa galibi mai saye ne ke ɗauka duka. In ta hannun dillali ka sayi gidan da aka riga aka gina, la'adarsa yawanci kashi 2 ce, kuma la'adar ma akwai harajin VAT na kashi 5 a kanta.

Muka ɗauko biro da takarda ni da shi. Ɗakin da yake so dirhami 600,000 ne. Kashi 4 ya kama 24,000. La'ada 12,000, harajinta 600. Ga kuɗin ofishin rajista da na takardar mallaka, su ma 'yan dubbai ne. Kafin a miƙa masa makulli, wajen dirhami 40,000 sun tafi. Ya yi shiru, ya ce, "To ai sun ce ba haraji." Na ce eh, ba su kira shi haraji ba. Ko me aka kira shi, daga aljihunka zai fita.

Yanzu Ingila. A nan ne lissafin yake da daɗi, ku biyo ni a hankali. Suna da harajin hatimi a kan sayen gida, kuma hawa-hawa ne. Daga watan Afrilun 2025, fam 125,000 na farko babu komai, daga nan zuwa 250,000 kashi 2, abin da ya haura zuwa 925,000 kashi 5, haka yana hawa. Wannan na kowa da kowa ne. Sai ƙari biyu.

Ƙari na ɗaya: in kana da wani gidan zama a ko'ina a duniya wanda darajarsa ta kai fam 40,000, za a ɗora maka kashi 5 a kan kuɗin gidan gaba ɗaya. Ku lura, na ce a ko'ina a duniya. Gidanka na Gusau ko na Kano yana cikin lissafi in ya kai wannan darajar. Ƙari na biyu: in ba ka kwana 183 a Birtaniya ba cikin watanni goma sha biyu kafin sayen, kai ba mazauni ba ne, akwai ƙarin kashi 2. Wannan ya fara aiki ranar 1 ga Afrilun 2021.

Misali, gidan fam 200,000. Mazaunin can da ba shi da wani gida zai biya fam 1,500, in ma sayensa na farko ne a rayuwa zai iya tashi ba ko sisi. Alhaji daga Zamfara mai gida a Gusau: 1,500, a ƙara 10,000, a ƙara 4,000. Fam 15,500 ke nan. Gida ɗaya, titi ɗaya, amma ninki goma. Kuma cikin kwana 14 da kammala ciniki ake so a biya.

Kar ku ɗauka Ingila ce ta fi tsanani. Singafo tana karɓar ƙarin kashi 60 cikin ɗari daga baƙo tun Afrilun 2023. Lardin Ontariyo na Kanada yana da ƙarin kashi 25, sannan Kanada ɗungurungum ta hana yawancin baƙi sayen gidan zama a birane daga 1 ga Janairun 2023, ta kuma tsawaita hanin zuwa farkon 2027. Turkiyya, inda 'yan kasuwarmu ke sarin kaya, kuɗin rajistar mallaka kashi 4 ne. Saudiyya tana da harajin cinikin gida na kashi 5 tun Oktoban 2020. A watan Yulin 2025 ta amince da sabuwar dokar mallakar gida ga baƙi, aka sa Janairun 2026 ya zama lokacin fara aiki, amma a yankunan da hukuma ta ware, kuma Makka da Madina suna da sharuɗɗansu na musamman. Saboda haka in wani ya tare ka a Harami ya ce ga ɗaki kusa da masallaci, kawo kuɗi, ka fara tambayar takarda.

Me ya sa ƙasashe ke yin haka? Dalilin da suke bayarwa shi ne gidaje sun yi wa 'yan ƙasa tsada, matasansu sun kasa saye. Akwai gaskiya a ciki. Amma akwai wani dalilin da nake so ku riƙe: baƙo ba ya jefa ƙuri'a. In gwamnati na neman kuɗi, wanda ba zai iya kayar da ita zaɓe ba shi ne mafi sauƙin tatsa. Mu nan Arewa mun san ƙarfin ƙuri'a a kan haraji. A 1979, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suna hawa mulki suka soke haraji da jangali, don talakawan da ke biya su ne suka zaɓe su. Kai kuwa a Landan ba wanda ya san da zamanka ranar zaɓe. Shi ya sa ƙarin nan na kashi 5, da kashi 3 ne. Ministar kuɗi Rachel Reeves ta sanar da ƙarin ranar 30 ga Oktoban 2024, washegari ya fara aiki. Singafo ma daga 30 ta tsallaka 60 a dare ɗaya. Dokar da ka saya a ƙarƙashinta ba lallai ita ce za ta raka ka ba.

ƘOFA TA BIYU: SHEKARUN RIƘO

Yauwa, ka saya, an ba ka makulli. A gida Najeriya, in ka gina gida ka rufe, sai dai gara da ɓera su dame ka. A can, gida kamar doki ne, ko ka hau ko ba ka hau ba sai ya ci.

A Dubai abin da ke cin mai gida shi ne kuɗin hidimar gini: gadi, shara, na'urar hawa bene, tafkin nan da ka gani a talla. Ana lissafa shi a kan faɗin ɗakinka, duk shekara, ko da ɗan haya ko babu. In ka ƙi biya ya taru, ba za a ba ka takardar izinin sayarwa ba sai ka sauke. Akwai kuma kuɗin hukumar birni na kashi 5 na kuɗin haya, wanda ɗan haya ke biya ta takardar wuta da ruwa; in kai ne a ciki, kai za ka biya.

A Ingila, haya kuɗin shiga ne, kuma ana biyan haraji a kansa ko kana zaune a Maradun. Suna da tsari na musamman ga masu gidan da ke zaune a waje: kamfanin da ke karɓar maka haya zai cire kashi 20 na abin da ya rage bayan wasu kuɗaɗen hidima, ya miƙa wa hukumar haraji kafin ya turo maka saura. Kana iya neman izini a riƙa ba ka kuɗinka cif, amma da sharaɗin kai za ka riƙa cika takardar haraji duk shekara. Ma'ana sai ka ɗauki akawu a can, shi ma da fam ake biyansa. In ɗakin ya zauna ba kowa, harajin ƙaramar hukuma ya dawo kanka, wasu ƙananan hukumomin ma ninkawa suke yi in gida ya daɗe a rufe.

Akwai wani abu da ba haraji ba ne amma ɗan uwansa ne. Yawancin ɗakunan bene a Ingila mallakar wa'adi ce, shekara 99 ko 125 ko fiye, ƙasan kuma na wani ne. Wannan bai kamata ya zame mana baƙon abu ba. Tun dokar filaye ta 1978, ƙasa a Najeriya tana hannun gwamna, takardar mallakar da ake ba mu ma wa'adi gare ta, yawanci shekara 99. Kuma dattawan yankin Bakolori, waɗanda suka ga abin da ya faru da gonakinsu lokacin gina dam har zuwa rikicin 1980, ba sai an koya musu bambancin "gonata ce" da abin da takardar hukuma ta ce ba. Ka tambaya: shekara nawa suka rage a wa'adin? In sun yi ƙasa da 80, darajar ɗakin sauka take yi, ƙara wa'adin kuma da tsada.

Amurka fa? Can, baƙon da ba mazauni ba ana cire masa kashi 30 na kuɗin haya gaba ɗaya, tun kafin a cire gyara ko komai, sai fa in ya cika takarda ya zaɓi a lissafa masa a kan riba. Ga harajin gida na shekara-shekara da ƙananan hukumomi ke karɓa.

To kun ga kashi 8 ɗin nan na talla? Kuɗin haya ne tsurarsa, kafin a taɓa shi. Cire kuɗin hidima, cire na kamfanin da ke kula da gidan, cire gyara, cire watannin da ba ɗan haya, cire haraji. Abin da ya rage shi ne naka. Duk dillalin da ya ce maka kashi kaza, ka ce masa, "Kafin cire-cire ko bayan cire-cire?" Yadda zai amsa kaɗai ya ishe ka sanin mutumin da kake ciniki da shi.

ƘOFA TA UKU: RANAR SAYARWA

Wannan ba zan daɗe a kanta ba. A Dubai, mutum ba ya biyan haraji a kan ribar sayar da gidansa, amma wanda zai saya daga hannunka shi ma kashi 4 na jiransa, kuma zai sa wannan a cikin tayin da zai yi maka. Haɗarin can ba haraji ba ne, kasuwa ce. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, farashin gidaje a Dubai ya faɗi da kusan rabi, gine-gine da yawa suka tsaya cak, mutane suna riƙe da rasit ba ɗaki.

A Birtaniya, tun Afrilun 2015 baƙo ma yana biyan haraji a kan ribar da ya samu in ya sayar da gidan zama, kashi 18 ko 24 gwargwadon ƙarfinsa. Dole ka sanar da hukuma cikin kwana 60, ko da ba ka ci riba ba. A Amurka kuwa, ranar ciniki za a riƙe kashi 15 na kuɗin gidan duka, ba na riba ba. Ko faɗuwa ka yi, a ƙa'ida sai an riƙe, kai kuma ka bi layi da takardu kana neman a dawo maka da rarar.

ƘOFA TA HUƊU: RANAR DA BA KA NAN

Jama'a, in ba ku riƙe komai a shirin yau ba, ku riƙe wannan.

Birtaniya tana karɓar harajin gado a kan duk dukiyar da ke cikin ƙasarta, ko mamacin bai taɓa zama can ba. Fam 325,000 na farko babu haraji, abin da ya haura kashi 40 ne. Gidan fam 500,000 da zai koma hannun 'ya'ya: a cire 325,000, saura 175,000, kashi 40 ya kama fam 70,000. Ana so a fara biya kafin ƙarshen wata na shida bayan rasuwa, in an wuce sai kuɗin ruwa ya fara hawa. Kuma yawanci sai an fara biya kafin kotu ta ba magada izinin taɓa gidan. Ka ga an zo wurin da ake neman kuɗi kafin a ba ka kuɗinka. Suna yafe abin da ya tafi hannun mata ko miji, amma mu a rabonmu, in akwai 'ya'ya, tumuni ne kawai rabon mata, ko ɗaya ce ko huɗu. Mafi yawan dukiyar 'ya'ya da iyaye take bi, wato ɓangaren da haraji ke hawa.

Amurka ta fi zafi. Ɗan ƙasa ana yafe masa miliyoyin daloli, baƙon da ba mazauni ba kuwa dala 60,000 kacal ake yafe masa, sauran harajin yana hawa har kashi 40.

Amma akwai abin da ya fi harajin tayar mini da hankali. Gida da fili, dokar ƙasar da suke ciki ita ke hukunci a kansu. In Musulmi ya mutu ya bar gida a Ingila bai rubuta wasiyya ba, ba alƙalin Mafara ne zai raba ba, dokar Ingila ce. Ita kuma cewa ta yi matar mamaci ta ɗauki fam 322,000 na farko da rabin abin da ya rage, 'ya'ya su raba ɗaya rabin daidai wa daida, mace da namiji. Uwa da uba, in akwai 'ya'ya, ba su da komai. Ku auna wannan da rabon da muka sani, inda kowane ɗaya cikin iyaye yake da sudusi. Ku auna shi a gidan da ke da mata biyu da 'ya'ya goma sha huɗu, ɗakuna ba sa ga maciji da juna. Maganin shi ne wasiyya da lauyan can ya rubuta bisa ƙa'idarsu, wadda ta fayyace a bi rabon Musulunci. Abin 'yan ɗaruruwan fam, amma mu mutanenmu in ka ce wasiyya sai a ce kana yi wa mutum fatan mutuwa.

A Dubai babu harajin gado, kuma Musulmi da shari'a ake raba masa. Alhamdu lillahi. Sai dai da zarar banki ya ji labarin rasuwa, asusun mamaci a rufe yake har kotu ta gama. Takardun magada daga Najeriya sai an tantance su, an fassara su da Larabci. Kuma sai wani ya je. Ku tuna, daga Oktoban 2022 zuwa Yulin 2024 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza. Kusan shekara biyu mai gida yana kallon gidansa a waya. In a wannan tsakanin aka yi rasuwa fa?

Sai kuskuren da na fi gani a wajen mutanenmu: saye da sunan wani. "A sa sunan yaron nan da ke karatu a can, ai ɗana ne." A idon hukumar can, wanda sunansa ke takarda shi ne mai gida, shi ke nan. Ranar da tsoho ya kwanta dama, sauran 'yan uwa ba su da abin nunawa sai "ai kowa ya sani." Kotun Landan ba ta san kowa ba.

SAI ƘOFAR GIDA

Na ce ƙofofi huɗu, amma akwai 'yar ƙaramar ƙofa ta baya da ke buɗewa a nan gida. Mazaunin Najeriya, doka tana kallon kuɗin shigarsa duk inda ya samo shi a duniya, tare da rangwame da sharuɗɗa a kan kuɗin da aka shigo da su ta banki. Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji ranar 26 ga Yunin 2025, aka tsayar da 1 ga Janairun 2026 don fara aiki. Harajin mutum ɗaiɗai kuwa hukumar tara kuɗin shiga ta jiharsa ake biya, mu nan ta Zamfara. Najeriya da Birtaniya suna da yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu, amma ba ta aiki da kanta, sai ka ajiye rasit ka nema. Da Amurka kuwa babu irin wannan yarjejeniyar.

Sannan ka shirya amsa tambayar "ina ka samo kuɗin?" Fasfo ɗin Najeriya yana jawo wannan tambayar da ƙarfi. A 2020 cibiyar Carnegie ta fitar da rahoto da ya danganta gidaje 800 a Dubai da 'yan siyasar Najeriya da makusantansu, darajarsu ta haura dala miliyan 400. Laifin wasu ya shafi kowa. Lauya ko banki a can zai nemi shaidar asalin kuɗi, kuma cinikin shanu a kara, hannu da hannu, ba rasit gare shi ba. Kuɗinka halal ne, amma sai ka iya nuna sawunsa a takarda. Ka bi ta banki, ka ajiye komai.

Kar mu manta da zakka. Abin da malamanmu suka karantar shi ne gidan haya ba a fitar da zakka a kan ginin kansa, sai a kan kuɗin hayar in ya kai nisabi ya shekara. Wanda aka saya da niyyar sayarwa kuwa hukuncin kayan kasuwanci yake ɗauka. Harajin da ka biya Turawa ba ya sauke maka wannan. Ka zauna da malaminka.

To me ya faru da abokina?

Na rubuta masa tambayoyi ya tura wa dillalin. Nawa ne jimillar abin da zan biya kafin makulli? Nawa ne kuɗin hidima a shekara, a rubuce? Kuɗina asusun amana na aikin za su shiga, wanda dokar Dubai ta 2007 ta wajabta ga gidajen da ba a gama ginawa ba, ko asusun wa? In na kasa ci gaba da biyan wata-wata, nawa zan rasa? In na mutu, me magadana za su kawo? Mutumin da a da yake amsa saƙo cikin minti biyu, sai da ya kwana uku. Ya amsa uku, ya tsallake biyu.

Abokina ya ɗauki takardar lissafin ya tafi Sakkwato wajen tsohon. Ya ce ya karanta masa tiryan-tiryan, tsohon yana jan carbi bai ce uffan ba. Da ya gama, bai tambayi kashi 4 ba, bai tambayi haya ba. Cewa ya yi, "To in na mutu, kai ma ka mutu, wa za ya tai can ya amso ma ƙannenka mata rabonsu?"

Har yanzu da nake wannan maganar ba su sa hannu ba, ba su kuma fasa ba. Abin da ya canza shi ne yanzu suna neman ɗaki mai rahusa a kan na farko, don a bar wani abu a gefe na hidima da ko-ta-kwana. Sun je wajen alƙali an rubuta a gaban shaidu nawa ne na tsoho a cikin kuɗin, nawa ne na ɗa. Kuma sun ce lauyan da za su ɗauka nasu ne, ba wanda dillali ya nuna musu ba.

Ni ban ce kowa ya saya ba, ban ce kar a saya ba. Dokokin nan kuma canzawa suke yi, wani lokacin a dare ɗaya kamar yadda kuka ji, don haka ranar da za ka sa hannu ka sake duba adadin wannan ranar a shafin hukumar ƙasar da kanta, ba a shafin mai talla ba. Amma ƙofofin ba sa canzawa: saye, riƙo, sayarwa, gado. Ka tsaya a bakin kowace ka tambaya nawa ne, kuma wa zai biya in ba ka nan.

A nan za mu dakata. Wanda yake da tambaya ya turo, musamman ku da ke zaune a Ingila ko Dubai ko Jidda kuna ganin abin da idonku, ku gyara mana inda abubuwa suka sauya. In kana da uba ko kawu ko uban gida da ke wannan tunanin, kar ka tura masa kawai, ka zauna ka karanta masa.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da Arewa baki ɗaya, Ya mayar da kowa gonarsa, har ya zamana mutum bai buƙatar tsallaka teku don ya ɓoye guminsa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.